Madam Zaratu da Kasuwar Nabtuwa

A unguwar Kanvili da ke Tamale akwai wata mata mai suna Zaratu Abdul-Rahaman. Shekara ashirin da biyu ta yi tana shugabantar makarantar firamare kafin ta yi ritaya, shi ya sa har bayan ta je Makka ta dawo ba a daina kiranta Madam ba. Mace ce mai gaskiya da riƙon amana, ba ta taɓa ɗaukar alkawari ta saɓa ba. Aibinta ɗaya ne. Idan ta zauna ta tsara abu ta rubuta shi a takarda, to ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta yarda a sauya ko layi ɗaya. A wurinta, aikin da bai bi tsarin da ta rubuta ba ya lalace, ko da kowa ya amfana da shi. An taɓa yin tafiyar da ta sa direba ya ja mota ya bar aminiyarta a tasha, don ta makara da minti huɗu, alhali ana hango ta tana tafe da sauri da kaya a ka.

Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata ta da'awa da taimako da ke haɗuwa a unguwar Aboabo duk ranar Lahadi. Sau ɗaya a shekara sukan fita ƙauye su koya wa mata alwala da salla da karatun ƙananan surori, su kuma kai wani taimako na lafiya.

A wannan shekarar wata tsohuwa mai suna Maltiti, magajiyar matan wani ƙauye da ake kira Sabliyili a hayin kogi, ta zo har Aboabo ta same su. Ta ce tsofaffinsu da yawa idonsu ya yi rauni, wasu ba sa iya tsince dutse a shinkafa, wasu sai an ja musu hannu zuwa masallaci. Da ta gama bayani sai ta dubi Madam Zaratu ta ce, "Ku ne na uku da na roƙa. Na farko sun rubuta sunayenmu sun tafi. Na biyu sun ɗauki hotonmu sun tafi. Yanzu idan na tara mata na ce baƙi na zuwa daga Tamale, dariya suke yi mini. In ba za ku zo ba, ki faɗa mini yau, ba zan ji haushi ba."

Madam Zaratu ta ce, "Mma, ni ba na faɗin abin da ba zan yi ba. Za mu zo."

Wata biyu ta yi tana shiri. Ta samu Jalila, wata nas mai duba ido, 'yar ɗaya daga cikin matan ƙungiyar, ta yarda ta ba da ranar hutunta ɗaya. Ta aro kayan gwajin ido daga wani asibiti bisa sharaɗin za a mayar da su washegari da safe. An tara tabarau guda tamanin. Ta zaɓi wata Asabar a watan Satumba, ta rubuta wasiƙa da Turanci zuwa ga malamin makarantar Sabliyili cewa a buɗe aji ɗaya da ƙarfe goma. Ta buga jadawalin tafiyar, ta raba wa kowa kwafi.

A taron ƙarshe wata mata mai suna Memunatu ta ɗaga hannu. Memunatu mai sayar da man kaɗe ce a kasuwar Aboabo, ba ta yi makarantar boko ba, amma tun tana budurwa take yawon ƙauyuka tana sayen ƙwarar kaɗanya.

Ta ce, "Madam, wannan Asabar ɗin, kin ƙirga ta da kasuwa kuwa?"

"Ba ciniki za mu je yi ba, Memunatu. An riga an sa rana, an aika wasiƙa."

"Ai ni dai cewa nake yi..."

"Abu na gaba, maganar abinci," in ji Madam Zaratu, ta juya shafi. Memunatu ta sauke hannunta.

Ranar ta zo. Mata goma sha huɗu suka shiga bas, Moro direba ya tayar ƙarfe shida daidai. Suka fita daga gari suna karin kumallo da koko da ƙosai, ana raha. Bayan awa ɗaya suka bar kwalta suka hau jar hanya. Ko'ina kore shar, masara ta yi tsayi, ruwa kwance a gefen gonaki. Madam Zaratu tana gaba da takardarta a cinya, duk ƙauyen da suka wuce sai ta duba agogo ta yi alama da biro. Suna kan lokaci.

Ƙarfe takwas da rabi Moro ya taka birki. A gabansu hanya ta nutse. Inda kwalbatin tsallaka kogi yake, babu abin da ake gani sai jan ruwa yana gudu da rassan itace. Can a hayi hanyar ta sake ɓullowa, kamar tana yi musu gwalo.

Madam Zaratu ta ce, "Me ya sa ka tsaya?"

Moro ya ce, "Ei, Madam! Wannan motar ba ta iya iyo ba. Ni ma ban iya ba."

"Ba ka san zurfinsa ba."

"Ban sani ba, kuma ba na so in sani. 'Ya'yana biyar."

Wani manomi da ke zaune a gindin bishiya ya ce musu ruwan ya hau ne tun shekaranjiya, kuma ko an daina sama ba zai sauka ba sai bayan kwana uku. Ya ce akwai wata hanya ta babbar gada, amma sai an koma kwalta an zaga, tafiyar awa takwas ce in mota ba ta maƙale ba. Madam Zaratu ta lissafa. Za su isa bayan la'asar, su duba mutum goma duhu ya yi. Ta ciro waya ta kira malamin makarantar, babu netwok. Ta sake kira har sau biyar.

Ta tsaya a bakin ruwan tana kallon hayi. Kilomita tara kacal suka rage. Gobe da safe sai an mayar da kayan asibiti, Jalila kuwa ba za ta sake samun hutu ba sai bayan wata uku. Maganar Maltiti ta dawo mata: ku ne na uku. Ta juyo ga mata ta ce da muryarta ta shugabar makaranta, "Ku shiga mota. Za mu koma Tamale. Abin da aka shirya shi ne aji a Sabliyili da ƙarfe goma. Tunda hakan ba zai yiwu ba, babu sauran aiki."

Mata suka fara hawa jiki a sanyaye. Memunatu ba ta motsa ba. Tana tsaye tana kallon wata siririyar hanya da ta rabu daga tasu ta bi gefen kogi zuwa yamma. Mata ne jere da kwanuka a ka, ga wani mai keke da kwandon zabi, ga babur mai ƙafa uku, wanda ake kira motokin, cike da awaki da buhuna. Ta naɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga.

"Madam, ki yi haƙuri, in yi magana ko in yi shiru kamar ranar nan?"

"Faɗi abin da za ki faɗa."

"Kasuwannin ƙasar nan ba sa bin mako. Duk kwana shida suke zagayowa. Kasuwar Tamale ta ci ranar Laraba. Kwana uku bayanta ta Nabtuwa ce. Alhamis, Juma'a, Asabar. Yau Nabtuwa ke ci, ga ta nan gaba kaɗan a wannan gaɓar tamu. Kuma mutanen Sabliyili ba su da wata kasuwa sai ita. Can ƙasa kogin ya yi faɗi, ruwan a kwance yake, da kwalekwale suke tsallakowa ko da damina. Mutanen da kike son ki je wurinsu, yanzu haka suna tafe zuwa wurinki."

Madam Zaratu ta ɓata rai. "A kasuwa? Cikin hayaniya da awaki? Babu aji, babu tebur, babu benci. Wasiƙar da muka rubuta makaranta ta ce, ba kasuwa ba. Ina za a gwada idon mutum a kasuwa?"

Jalila ta matso a hankali. "Mma, ni dai abin da nake bukata shi ne inuwa, da bangon da zan rataya allon gwaji, da filin taku shida a gabansa. Idon ba ya tambayar ko aji ne."

Moro ya leƙo ta tagar mota. "In Nabtuwa ce, minti ashirin na kai ku. In Tamale ce, ni dai kuɗin mai ɗaya ne, amma ƙosan da kuka rage nawa ne."

Mata suka yi dariya, ban da Madam Zaratu. Ta dubi takardar da ke hannunta. Wata biyu ta yi tana gyara ta, babu layin da ba ta yi tunani a kansa ba. Ta karanta ta tun daga sama har ƙasa. Akwai lokacin tashi, akwai lokacin isa, akwai lokacin abinci, akwai wanda zai riƙe kwalin tabarau. Sai ta lura babu inda ta rubuta dalilin tafiyar. Ita ba takarda ta yi wa alkawari ba, tsohuwa ta yi wa. Ta ninke takardar gida huɗu ta tura a jaka.

Ta ce, "Memunatu, dawo gaba ki zauna. Ke kika san hanya."

Matan bas suka dubi juna. Ba su taɓa ganin wani ya zauna a kujerar nan ba in ba Madam ba.

Da suka isa Nabtuwa kasuwa ta fara cika. Madam Zaratu ta hango wata rumfar kwano babu kowa, ta ce a fara sauke kaya a can. Memunatu ta riƙe mata hannu.

"Tukuna, Madam. Ba a kafa ko kujera a kasuwar mutane sai an gai da sarkin kasuwa. In kika sauke kaya kafin ki gaishe shi, ba wanda zai kore ki, amma ba wanda zai zo wurinki."

"Ina da wasiƙa mai hatimi."

"Ki riƙe ta. Goro za mu fara saya."

Suka sayi goro mai kyau aka ƙunshe a ganye. Sarkin kasuwar dattijo ne mai suna Andani, yana zaune a kan fata a gindin wata babbar bishiyar darbejiya, dattawa kewaye da shi. Mata suka tuɓe takalma suka durƙusa. Aka fara gaisuwa da Dagbanci: ya kwana, ya gajiya, ya sanyin damina, ya mutanen Tamale, ya masu gida. Kowace tambaya sai a amsa "Naa, naa." Aka kawo ruwa a ƙwarya suka sha. Aka fasa goro aka zagaya da shi. Har yanzu ba a tambaye su abin da ya kawo su ba. Gwiwoyin Madam Zaratu suka fara ciwo. Sau biyu hannunta ya nufi agogo, sau biyu ta janye shi. A karo na uku ta kwance agogon gaba ɗaya ta jefa a jaka, ya bi takarda.

Sai da aka gama duk wannan Memunatu ta yi bayani. Madam Zaratu ta miƙa wasiƙar da hannu biyu. Andani ya karɓa, ya miƙar da hannunsa can nesa, ya ƙanƙance ido, ya matso da ita, ya sake nesanta ta. Jalila ta nemi izini ta matso. Ta dube shi, ta gwada masa tabarau biyu, na uku ya yi masa daidai. Bai koma kan wasiƙar ba. Ya zura hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ƙaramin littafin addu'o'i da ya tsufa, ya buɗe. Leɓunansa suka fara motsi. Ya karanta shafi guda, ya juya na biyu.

Ya ce, "Shekara bakwai ina ɗauke da littafin nan don albarka kawai. Ku kira mini makaɗi."

Kafin minti goma makaɗin sarki yana zagaya kasuwa yana shela cewa likitar ido ta zo daga Tamale, kyauta ne. Andani ya ba su rumfar hatsi mai bangon laka, ya sa aka share ta. Mai sayar da shayi ya ba da bencinsa biyu. Jalila ta rataya allon gwaji a bango, ta auna taku shida, ta ja layi da gawayi.

Jama'a suka yi cincirindo, ana ture-ture, kowa na son ya zama na farko. A nan baiwar Madam Zaratu ta yi rana. Ta yayyaga kwali ta rubuta lambobi, ta raba layi biyu, ta ce tsofaffi su zauna a benci, matasa su tsaya a baya. Ta ɗaga murya sau ɗaya, irin wadda take tsayar da yara ɗari biyar da ita a filin makaranta, sai ga manyan 'yan kasuwa sun jeru kamar 'yan aji uku. Ta kuma ware tabarau arba'in ta ce ba mai taɓa su, na mutanen Sabliyili ne.

Wajen sha ɗaya da rabi wata tsohuwa ta kutso cikin jama'a da kwanon daddawa a ka. Ta tsaya a gaban Madam Zaratu tana kallonta. Maltiti ce.

"Ke ce? Ko idon nawa ne ya ƙarasa lalacewa?"

"Ni ce, Mma. Na ce za mu zo. Sai dai ruwa ya hana mu ƙarasawa garinku, ki gafarce mu."

Maltiti ta sauke kwanon ta kama dariya har da tafa hannu. "Ki gode wa ruwan nan! Da kin ƙarasa, wa za ki tarar? Awaki da tsofaffin da ba su da mai ja musu hannu. Malam ya karanta mini wasiƙarki, na ce Asabar ɗin nan kasuwa ce, a rubuta a faɗa miki. Ya ce shi bai ga alamar wannan Madam ɗin tana sauya rana ba. Mai riƙe makullin makarantar ma, ga shi can yana cinikin zabi."

Madam Zaratu ta sunkuyar da kai. Ta saci kallon Memunatu, wadda ta yi kamar tana gyara kwalin tabarau.

"To tsofaffin da ke gida fa, Mma? Su ne muka fi zuwa dominsu."

"Masu kwalekwale ba su da aiki sai la'asar. Bari ki gani."

Maltiti ta nufi bakin kogi da kanta. Abin da ta faɗa wa masu kwalekwale ba wanda ya ji, amma bayan awa ɗaya da rabi sai ga su sun dawo ɗauke da tsofaffi, kowanne da wani nasa riƙe da shi. Masu motokin suka kwaso su daga gaɓa zuwa rumfa. Aka dakatar da layi, aka ba su gaba, ba wanda ya yi ƙorafi.

Bayan azahar sauran matan ƙungiyar suka shimfiɗa tabarmi a inuwa, matan kasuwa suka kewaye su. Aka nuna alwala da buta, aka maimaita Fatiha ana gyara wa juna. Wata tana karatu tana leƙen tumatir ɗinta, in mai saye ya zo ta ruga ta sayar ta dawo. Da a ce jiya ne, da Madam Zaratu ta hana. Yau sai ta matsa mata wuri.

Maltiti ta ƙi yarda a duba ta sai da aka gama da mutanen garinta. Da aka sa mata tabarau ta ce a ba ta allura da zare. Wata mai ɗinki ta miƙo. Tsohuwa ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar sama, ta zura shi tashi ɗaya. Ta juya ga matan Sabliyili ta ɗaga allurar tana lilo da zaren.

"Wace ce ta ce baƙina ba sa zuwa? Ta fito in gan ta da kyau, yanzu ina gani!"

Guɗa ta tashi har makaɗi ya dawo da gudu yana kiɗa.

Mutum sittin aka shirya dubawa. Da Jalila ta sauke allonta bayan la'asar, ta duba mutum ɗari da talatin da bakwai daga ƙauyuka shida. Tabarau sun ƙare kaf. An samu tsofaffi tara masu yanar ido, aka rubuta sunayensu don a kai su Tamale a yi musu aiki, Andani kuma ya ɗauki nauyin tara su. Ya sallame su da zabi huɗu da doya, ya ce badi rumfar nan tasu ce.

A hanyar dawowa Madam Zaratu ta zauna a kujera ta biyu. Ta ciro takardarta ta buɗe bayanta inda babu rubutu, ta taɓa kafaɗar Memunatu.

"Ranar taro na katse ki a gaban mutane. Ban kyauta ba, ki yafe mini."

"Haba, Madam. Ya wuce."

"Bai wuce ba sai na koya. Fara mini daga kasuwar Tamale. Wace ce ke bin ta?"

Memunatu ta ɗaga babban yatsanta ta fara ƙirga, shugabar makaranta tana rubutawa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsari abu ne mai kyau, kuma ba don shirin Madam Zaratu ba da babu nas, babu tabarau, babu tafiyar. Amma an yi tsari ne don ya kai mu ga manufa, ba shi ne manufar ba. Idan kuka fita aikin alheri a ƙungiya hanya ta toshe, kada ku ce aiki ya mutu don takarda ta mutu. Ku tambayi kanku don wa kuka fito, ku saurari na cikinku da ya san ƙasar ko da bai yi boko ba, ku girmama al'adar mutanen da kuka je wa. Sau da yawa abin da ya ɓata mana shiri yana kare mu ne daga kuskuren da ke cikin shirin, wanda mu ba mu gani ba.